Sunaye Biyar a Kwamfutar Sakatariya

Shagon Sakatariya a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin kantin magani da rumfar mai yankan gilashi. A ciki akwai tebur guda, da kwamfuta wadda farinta ya koma ruwan ƙasa, da injin fotokwafi da ba ya yarda ya yi aiki sai an danne murfinsa da hannu, sai benci mai ɗaukar mutum huɗu in sun yi haƙuri da juna. A saman kabad tsohuwar tafiretarta tana kwance cikin rigar leda. Ba ta amfani da ita, ba ta kuma yarda a taɓa ta.

Sunan aikinta ne ya bi ta har ya danne wanda iyayenta suka raɗa mata. Mahaifinta masinja ne a wani ofis. Kullum yana wuce matan da ke zaune a ƙarƙashin fanka suna buga takardu, shi kuwa yana yawo a rana, sai ya ce 'yarsa a inuwa za ta nemi abincinta. Ta koyi bugu a wani ɗaki a saman shagon takalma, wurin wata malama da ke lulluɓe musu hannu da tsumma don kada ido ya taimaki yatsa. Daga nan ta shiga ofis, ta zauna har gashinta ya yi fari. Shugabanni suka zo suka tafi kamar 'yan haya. Kowanne zai tsaya a kanta ya yi ta magana, ita ta tsince duwatsun da ke ciki, ta miƙa masa takarda mai tsabta ya sa hannu. A can ƙasan takardar akan sa haruffan sunanta ƙanana, inda ba mai kallo.

Mijinta mai gyaran rediyo ne. Lokacin da ta aure shi, ƙaninsa Auta bai kai tsawon tebur ba, kuma a hannunta ya ƙarasa girma. Ita ta goge masa kayan makaranta, ita ta zaunar da shi gaban tafireta ta lulluɓe masa hannu kamar yadda aka yi mata. Har furfura ta fara fito masa a gemu ba ta daina kiransa ƙaramin maigida ba, shi kuma yana ce mata Anti.

Auta ne ya kawo musu labarin kundin. Wani babban kundin sani ne a intanet, wanda ba ma'aikata ke rubuta shi ba, 'yan sa-kai ne. Duk wanda ya san abu sai ya buɗe asusu da suna da kalmar sirri, ya rubuta maƙala ko ya gyara ta wani. Sashen harshensu a lokacin kamar gidan da aka zube wa tubali aka tafi yake. Mai Rediyo kuwa ciwo ya riga ya kama shi, hannunsa ya daina tsayawa a kan ƙananan wayoyi, yini yake yi a bencin shagon matarsa yana kallon titi. Da ya ji, sai ya ce a rubuta yadda rediyo ke kama tasha kafin ya tafi da abin a cikinsa.

Da aka zo sa sunan asusu ta dube shi.

"Ke ce mai yatsu," ya ce. "Sa naki."

Ta buga: Sakatariya. Da maƙalar ta hau, ta ga sunan a tsaye a tarihin shafin, da haruffa daidai da na kowa. Ta daɗe ba ta rufe shafin ba.

Bayan rasuwarsa, abokan da ke zuwa taya shi zama ba su daina zuwa ba. Akwai Likitan Dabbobi, doguwar halitta mai gilashi kamar gindin kwalba. Akwai Direba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan jirgin ƙasa, har yanzu yana magana kamar injin na ruri a bayansa. Akwai Magini, wanda bakinsa ya fi buhun siminti nauyi. Ta huɗunsu Ungozoma ce. Ita fotokwafi ya kawo ta, ta tarar da maza uku suna gardama a kan zazzaɓin jarirai, ta ajiye jakarta ta ce su matsa.

Da rana ta yi sanyi, masu kawo aiki suka ragu, sai a ɗora shayi. Kowa yakan zo da littafinsa, domin kundin ba ya karɓar magana sai da madogara, Sakatariya kuma ta fi kundin tsanani. Mutum ɗaya zai fara faɗa, sauran su yi ta katse shi, abin da ya tsira daga gardamar shi take bugawa.

"Rubuta, Sakatariya," Direba zai ce. "Birkin jirgi iska ce ke riƙe shi a sake. In iskar ta gudu, sai ya kama."

"Ashe halinku ɗaya da jirgin," in ji Ungozoma. "Kai ma sai numfashinka ya ƙare kake tsayawa."

"Ke dai kin saba da masu kuka, shi ya sa ba kya jure masu magana."

"A wane littafi, Baba Direba?" Sakatariya za ta tambaya, yatsunta a sama suna jira.

"Ni ne littafin."

"To kawo shafinka mu gani."

Haka suka shekara goma da 'yan kai. Cututtukan awaki, kwanciyar jariri a ciki, abin da ke sa bango ya tsage, duk suka hau kundin da suna ɗaya. Ba wanda ya taɓa ganin aibun haka. Gida ɗaya ne, ƙofa ɗaya, makulli a hannun mai shago.

Ana nan ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin kundin ta nemi jami'in da zai kula da 'yan sa-kai na sashensu, Auta ya nema ya samu. Sakatariya ce ta buga masa takardar neman aikin. Ranar da aka kira shi, sai da ta zagaya kantin magani da rumfar gilashi ta faɗa musu.

Bayan 'yan watanni ya zo shagon da kwamfutarsa ta hannu, ya ɗora a kan injin fotokwafi, ya ce yanzu lafiyar al'umma ake aunawa.

"Ina ma'aunin zafin?" in ji Ungozoma. "Kuma ta ina za ka soka mana shi?"

Ya yi dariya, ya juyo musu da fuskar kwamfutar. Abu uku ake dubawa, ya ce: mutum nawa ke aiki a wata, sababbi nawa ke dawowa bayan zuwan farko, da kuma ko aikin ya taru a hannu ɗaya. Kowane sashe ana shafa masa launi, kore ko rawaya ko ja. Nasu ja ne wur.

"Cikin kowane gyara goma, takwas na asusu ɗaya ne," ya ce. "Abin da ma'aunin ke gani shi ne mace ɗaya ta danne kowa."

"Wa na danne, ƙaramin maigida?"

"Ni na sani, Anti. Amma a can ke kaɗai ce. Su Baba ba su wanzu ba."

Direba ya shafa ƙirjinsa, ya ce shi dai ya ji kansa da safe.

Auta bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce sashen da ya daɗe a ja akan ɗauke kai daga gare shi, kuma ana ta maganar a haɗa kujerarsa da ta wani. A gurguje ya faɗi na ƙarshen, yana naɗe wayar caji. Ita da ta raine shi ta san irin wannan gurgujen.

Sai ta ɗaura ɗamarar koya wa tsofaffin. Likita ya kusa manna hancinsa a gilashin kwamfuta, bai ga inda kibiyar take ba. Magini in ya danna harafi ɗaya uku ke fitowa. Direba ya zaɓi kalmar sirri da kansa, washegari ya rantse ba shi ya zaɓa ba. Ungozoma ta ce hannun da ya karɓi rabin unguwa ba zai koma aji ɗaya ba. Kafin wata ya ƙare kowa ya koma mazauninsa a benci.

Ta faɗa wa Auta a bakin shago, yana shirin hawa babur.

"Da kowa yana da sunansa a ciki," ya ce, "da an ga gaskiyar yawanku."

"Ka dai ji yadda muka ƙare. Ba su iya ba."

"Ke kin iya ai, Anti."

Wayarsa yake kallo lokacin da ya faɗa. Ya tayar da babur ya tafi.

Ta juya maganar a ranta ba ta ga ƙarya a ciki ba. Mutanen nan suna nan da ransu, kowace kalma daga bakin mai ita ta fito. Aikin da ta yi duk rayuwarta ke nan: mai magana ya yi magana, ta buga, takarda ta fita da sunansa. In ma akwai kuskure, a ganinta, shi ne na shekarun da ta yi tana ɗora ilimin mutane a kan sunanta. Ta tambaye su, kowa ya ce ta yi. Ta buɗe asusu huɗu, ta riƙe kalmomin sirrin a kanta.

Daga ranar, in Likita zai yi magana sai ta fita daga nata ta shiga nasa. In Direba ya karɓe, ta fita ta sake shiga. Wata rana Auta yana zaune a bakin tebur da kofin shayi, yana kallon yadda take sauya suna kamar mai sauya zare a keken ɗinki.

"Anti, kin zama ma'aikata guda," ya ce.

"Saura ka sa a ba ni fanka."

Launin ya koma rawaya, daga baya ya yi kore. Aka gayyaci Auta wani taro a nesa don ya bayyana yadda ya jawo dattawa cikin aikin sa-kai. Kafin ya tafi ya zo ɗaukar hoto. Tsofaffin huɗu suka cika benci, shi ya tsuguna a gabansu, Sakatariya ta riƙe wayar ta ɗauka. Hoton ya hau saman rahotonsa. Ta sa aka wanke mata guda ta liƙa a jikin kabad.

Abin ya ɓaci ne a kan maƙalar birki. Wani ɗan sa-kai da ba su sani ba ya kawo shawarar a goge ta, ya ce madogararta ba ta isa ba. A kundin, irin wannan shawara akan buɗe mata shafi kowa ya faɗi ra'ayinsa. Direba ya tashi tsaye har ya manta rufin shagon gajere ne. Duk benci ya yarda a bar maƙalar, kowa da dalilinsa. Sakatariya ta shiga da suna ɗaya bayan ɗaya ta rubuta wa kowa nasa, ta tsince zagin Ungozoma, ta cike gurbin da Magini ya bari, ta rage wa Direba ƙara. Kafin shayi ya huce ra'ayi biyar sun jeru, kowanne tsaf, kowanne da ladabin ofis.

Masu tsaron kundin su ma 'yan sa-kai ne, ba kuma mugaye ba ne. Sun sha ganin mutum ɗaya ya buɗe asusu da yawa yana mara wa kansa baya. Suka duba suka ga suna biyar daga na'ura ɗaya, a jere, da salo ɗaya. Wata safiya ta kunna kwamfuta ta tarar da jan akwati a saman shafin sunanta: an tabbatar mai wannan asusu ta yi amfani da asusun bogi huɗu don yaudarar al'umma, an toshe su duka ba wa'adi.

Ta karanta, ta tashi ta share shago, ta dawo ta sake karantawa. Maƙalun suna nan, ba a goge ko ɗaya ba. Amma duk wanda ya buɗe ta rediyo ya bi sunan wadda ta rubuta, a kan jan akwatin nan zai sauka. Toshewar ba ta dame ta kamar kalmar yaudara ba. Ta yi aiki a ƙarƙashin mutanen da suka sa ta buga abubuwa iri-iri, ba a taɓa kama ta da ƙara harafi ɗaya na son rai ba.

Akwai hanyar ɗaukaka ƙara. Tsofaffin suka zauna, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa da yadda abin ya faru, ta buga ta aika. Amsa ta dawo da ladabi: waɗannan shaidu ma daga na'urar suka fito, kuma da hannun da ake tuhuma. Ana buƙatar shaidar da ta fito daga wani wuri, ko kuma jami'in sashen ya faɗi abin da ya sani.

Da ta ga haka hankalinta ya kwanta, tunda Auta ne jami'in. Ta kira Auta, wayar ta yi ta ringi. Ta bar masa saƙo. Da shiru ya yi yawa, ta rufe shago da rana tsaka, abin da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta, ta hau mota zuwa ofishinsa.

A hawa na uku yake, ƙofar gilashi, da fulawar roba a kusurwa, da babban allo a bango mai nuna launukan sassa. Ya taso da sauri ya ja mata kujera.

"Anti, da kin kira ni na zo."

"Na kira. Wayarka ce ba ta da lafiya, ita ma a auna ta."

Ya aika a kawo mata ruwa. Ya tambayi ƙafarta, ya tambayi su Baba. Ta bar shi ya gama.

"Layi biyu ake so," ta ce. "Ka ce ka san su, ka ce ka ga yadda muke yi."

Ya murza zoben makullinsa. Ya ce abin ba sauƙi kamar yadda take gani. In ya ce ya sani, to rahoton da ya kai taro ya zama na wanda ya san hannu ɗaya ne ya ƙirga biyar. Ba shi kaɗai zai faɗi ba, duk sashen za a daina yarda da shi, da sababbin da ya fara tarawa.

"Kuma ni ban ce ki buɗe ba, Anti. Ki tuna da kyau."

Ta tuna da kyau. Tunawa da maganar mutane kalma bayan kalma shi ne sana'arta. Bai ce ba. Ta nemi inda ya ce ta rasa, kuma a nan ne ta gane tun a bakin shago ya san yadda ya jera maganarsa.

Ta ɗaga kai don kada ya ga idonta, sai ta ga allon. Ta nemo sashensu. Biyu daga cikin ma'aunan sun koma rawaya, na ukun kore shar.

"Wancan koren fa?"

Bai juya ba. "Na taruwar aiki a hannu ɗaya ne."

"Ya warke ke nan."

"Ba a ƙirga asusun da aka toshe, Anti."

Ta miƙe. Ya ce zai rubuta wani abu, ta ba shi lokaci. Ya rako ta har matakala yana cewa ta riƙe ƙarfe. Ruwan da aka kawo yana kan tebur ba ta taɓa ba.

Ya kuwa rubuta. A shafin ƙarar, ƙarƙashin sunansa da muƙaminsa, ya ce a hukumance ba shi da masaniyar yadda aka buɗe waɗannan asusu ko wanda ke sarrafa su. A makon nan hoton ya ɓace daga saman rahotonsa. Nata yana nan a jikin kabad, sai dai ita ba ta cikinsa.

Masu tsaro suka ce za su bar ƙarar a buɗe na ɗan lokaci, ko wani daga cikin masu sunayen zai yi magana da kansa daga tasa na'urar. Ungozoma ta sa 'yarta ta rubuta mata a waya, ta hana a cire ko kalma ɗaya. Saƙon bai yi awa ba aka goge shi saboda zagi. Direba ya ce shi da ya ja dubban mutane a bayansa ba zai roƙi wanda bai taɓa gani ba ya yarda yana da rai. Magini ya zame a banɗaki, ɗansa ya zo ya ɗauke shi zuwa wani gari. Saura Likita, shi kuma ya ɗauke ƙafa.

Da yamma Direba da Ungozoma sukan zo har yanzu, amma ba littafi a hannunsu. Gardamar ma ta daina daɗi, tunda ba mai jiran abin da zai tsira daga cikinta. Auta ya aiko da kwalin madara da gaisuwa. Ta ba mai yankan gilashi.

Likita da hantsi ya zo, lokacin da ya san ba kowa a benci. Ya zauna a can ƙarshe, ya ɗora hularsa a gwiwa. Ya rame. Suka gaisa, ta tambayi idon. Ya ce likitan ido ya daina yi masa alkawari, na hagu ya tafi, na dama yana haɗa kaya. Sannan ya laluba aljihu ya fito da sabuwar waya mai faɗin fuska, ledarta ma ba a ɓare ba.

Ta ɗauka shaida ya zo bayarwa daga tasa na'urar. Ta gyara zama.

"Baba Likita, ashe kana tafe."

Bai dube ta ba. Ya sake sa hannu a aljihu ya fito da takarda a ninke.

"Auta ne ya saya mini," ya ce. "Ya ce in na aika wannan daga wayata za a buɗe mini asusuna. Na gwada a gida, Sakatariya. Ba na ganin haruffan. Jikokina suna makarantar kwana. Na rasa wanda zan je wurinsa."

Ta karɓa ta buɗe. Rubutun Auta ne, ta san yadda yake karkata layi tun yana aji uku. An ce: ni ne mai wannan suna. Wata ce ta buɗe asusun, ita ke riƙe da kalmar sirri, ita ke shiga da shi. Ban san an yi amfani da sunana wurin jefa ra'ayi ba. Ina roƙon a ba ni dama in ci gaba da kaina.

Ta karanta har ƙasa, ta koma kan jimla ta uku.

"Ba ka sani ba, Baba Likita?"

Ya juya hular.

"Kai ka ce a rubuta maƙalar da ta koya wa mutum yadda jirgi ke tsayawa ba ta cancanci gogewa ba. Har ka ce in sa 'ko kaɗan'."

"Na tuna."

"To ga waya a hannunka. Abin da ya faru za ka iya faɗa."

"Na tambaye shi haka." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ya ce in na ce da sanina, to tare muka yi. Ke za a cire miki kalmar yaudarar nan, wataƙila, amma ba za a buɗe wa kowa ba. Ni kuma rubutun cututtukan awaki na gama, na tumaki na gama. Na shanu rabi ne. Ciwon huhu ban taɓa ba, na kofato ban taɓa ba. In idon nan ya rufe, shi ke nan. Ba don sunana ba ne, Sakatariya, kin san ni."

Ta san shi. Shi ya riƙe kan mijinta a mota ranar da aka kai shi asibiti na ƙarshe. Ta kuma san ba ƙarya yake yi a kan shanun ba.

A waje mai gilashi yana jan abin yankansa, ƙarar tana shigowa siririya. Wata mata ta leƙo da takardu, Sakatariya ta ce ta dawo an jima.

"Wa zai buga maka na shanun?"

"Ya ce akwai masu koyarwa a ofishinsu ranar hutu. Akwai kuma yadda ake yi wa wayar magana ta rubuta."

"Za ta tambaye ka a wane littafi?"

Ya juya wayar a hannunsa.

Ta miƙa hannu ya ba ta wayar. Ta ɓare ledar ta jefa a kwando. Ta shiga asusunsa da kalmar sirrin da ke kanta, ta rubuta masa ita da manyan haruffa a bayan takardar don ya ba wanda zai taimake shi. Sannan ta jingina takardar a jikin kwamfuta, kamar yadda take yi wa kowane aiki, ta fara bugawa. Ba ta saba da waya ba. Mai yatsu goma ta koma tana tsinken haruffa da ɗaya, a hankali, tana gogewa tana sakewa. Da ta iso jimla ta uku yatsan ya tsaya a sama. Likita yana kallon ƙasa. Ta buga ta yadda take a takarda, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba.

Ta karanta masa daga farko har ƙarshe da muryar da take karanta wa shugabanni wasiƙunsu.

"Haka ne?"

"Haka aka rubuta."

"Ba shi na tambaya ba. Amma karɓi. Aikawa kai za ka yi."

Ya riƙe wayar da hannu biyu, ya kai ta kusa da idon dama.

"Ina zan danna?"

Ta nuna masa da bakin biro, ba ta taɓa gilashin ba. Ya kuskure, ya sake. Wayar ta yi 'yar ƙara.

Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, ta jawo wani aiki ta fara jera shafukansa. Da ya miƙe ta ce ya gaida gida, ya ce gida zai ji.

Karatu ba a hana wanda aka toshe ba. Da la'asar, bayan ta sallami matar nan mai takardu, ta buɗe shafin ƙarar. Saƙon Likita yana nan a ƙarƙashin na Auta. A ƙasansa ɗaya daga cikin masu tsaro ya rubuta cewa an samu shaida daga na'ura dabam, daga bakin mai sunan da kansa, kuma ta tabbatar da abin da aka gano. An buɗe asusun dattijon, ana yi masa maraba. Hukuncin Sakatariya yana nan yadda yake. An rufe ƙara.

Ta sake bin saƙon a hankali, layi bayan layi, kamar yadda take duba kowane aiki kafin ya bar shagonta. Ba kuskure ko ɗaya. Wannan karon ba wanda ya ce hannunta ne.